Agogo Biyu da Gaisuwar Bappa

Ni ce injiniyar wani ƙaramin gidan rediyo a Jimeta a shekarun da yaran nan suka tarwatsa garuruwan arewacin jiharmu. Yaran nan muke ce musu, ba mai son sunansu a bakinsa. Ban ce ina cikin injiniyoyi ba, na ce ni ce injiniyar, don ni kaɗai na rage. Namijin da muke tare ya kwashe iyalinsa ya yi kudu tun da aka fara jin ƙishin-ƙishin, ban kuma ga laifinsa ba. Ya bar ni da ɗaki ɗaya mai ƙofar ƙarfe, da tarin wayoyi, da wata tsohuwar kwamfuta wadda duk gidan ke rataye a wuyanta.

Gwanjo ce kwamfutar, ta gama ƙuruciyarta a wata ƙasa kafin ta zo ta tsufa a hannuna. Amma ƙatuwa ce, ƙwaƙwalwarta biyu, abin da mu a aiki muke kira furosesa. Da yake ba mu da halin sayen kwamfutoci da yawa, sai na yanka ta ɗaki-ɗaki daga ciki. A ido ƙarfe ɗaya ne, amma a cikinsa akwai wasu kwamfutocin da ba a iya taɓa su da hannu, kowace tana ganin ita kaɗai ce a duniya. Babbar muna ce mata mai masauki, na cikin kuma baƙi. Akwai baƙuwar 'yan labarai, akwai ta ofis, sai kuma 'yar lelena, mai sakin sauti. Ita ke jera waƙa da talla da sanarwa, ta sake su ɗaya bayan ɗaya ko babu kowa a situdiyo. Baƙuwa ba ta da ƙwaƙwalwar kanta. Ta aro mai masauki ke ba ta, yanzu ta ɗora aikinta a kan wannan furosesa, anjima ta mayar da shi kan wancan, ita baƙuwar ba ta ma san ana yi ba.

A shekarar nan ba kwamfutata kaɗai ke da baƙi ba. Gidanmu na Wuro Hausa, wanda mu kanmu da ƙyar yake ɗaukarmu, sai da aka shimfiɗa tabarmi har cikin zaure. Haka Jimeta, masallaci da coci da garejin motocin haya duk mutane ne da ƙullin kaya. Shirinmu na cigiya, wanda da can akuya ake nema a ciki ko katin shaida da ya faɗi a kasuwa, ya koma neman mutane. Uwa na neman 'ya, wa na neman ƙane, layi har bakin titi.

Ga shingen bincike ko'ina, hanyar Jimeta zuwa Yola da muke yi kamar wasa ta zama tafiya. Sai manaja ya kafa doka, kowa ya bar ofis kafin magariba. Daga nan har wayewar gari 'yar lelena ce ke riƙe da gidan rediyon, ita da maigadi da ƙaramin janareto. Ina alfahari da wannan ƙwarai. Idan na isa gida na ji tasharmu na magana a rediyon maƙwabta, nakan ce a raina, aikina ne ke magana.

Mai gabatar da cigiyar wata baiwar Allah ce 'yar wajen Numan, Kirista, mai murya kamar an jiƙa ta da mai. Ta girme ni, Anti nake ce mata. Wata safiya ta shigo ɗakina da wani tsoho dogo siriri, da sanda da buta, hularsa ta koɗe. Ta ce yayanta, malamin makaranta ne da ke zaune a unguwar Bako cikin Yola, shi ya tsince shi a gareji ya kai shi gida. Bafulatani ne daga can gefen duwatsu. A hanyar gudu suka sami mota mai ɗaukar mata da marasa ƙarfi, ya tura matarsa ciki, motar ta tafi, shi ya biyo a ƙasa. Tun ranar bai san inda take ba. Ita ba ta taɓa riƙe waya ba, tasa kuma ta faɗi a daji.

Anti ta ɗauko biro ta ce, "Baba, yaya sunan maman?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon sandarsa.

Ta sake tambaya da ƙarfi, ta ɗauka kunne ne. Ni kuwa dariya ta kusa kuɓuce mini, don na san zancen. Mahaifina har ya koma ga Allah ban taɓa jin sunan Dada, mahaifiyata, a bakinsa ba. Na ce, "Anti, ajiye biron nan. Ko za ki kwana a nan ba zai faɗa ba. Uwargidansa ce, kunya ba za ta bar shi ba."

"To yaya zan yi cigiya babu suna?"

Sai tsohon ya ɗago ya ce da Hausarsa mai nauyi, "Ba ke za ki yi ba, 'yata. Ni zan yi. Ta san muryata."

Na kai shi situdiyo na zaunar da shi gaban makirfo, na ce masa da Fulatanci, "Bappa, yi magana kamar tana gabanka." Ashe na jawo wa kaina. Ya fara da sallama, ya tambaye ta kwana, ya tambaye ta gajiyar hanya, ya tambayi gwiwarta da ke damunta da damina. Ya tambaya ko tana samun abin da cikinta ke karɓa, don ba ta son yaji. Ya gai da mutanen da suka sauke ta, ko su wane ne, ya sa musu albarka su da zuriyarsu. Ya ce shanu sun tafi, kada ta sa abin a rai. Sai can a ƙarshe, cikin numfashi ɗaya, ya ce yana Yola, unguwar Bako, gidan malamin makaranta, akwai mangwaro a ƙofa kusa da famfo. Sannan ya ɗauki butarsa.

Na jera muryar cikin sauran cigiyoyin da baƙuwata ke saki safe da rana da dare. Da zai tafi ya ce shi na bayan magariba ne ya dame shi. Shekara da shekaru, in ji shi, ba ta sauraron rediyo sai ta idar da sallar magariba ta miƙe ƙafa.

Ba a jima ba ya dawo. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, sannan ya ce, "'Yata, injinki yana yanke mini magana."

Raina ya ɗan sosu. A zage ni ban damu ba, amma a taɓa injina sai an ji bakina. Na kunna masa muryar a gabansa, ta tafi tiryan-tiryan har mangwaro da famfo. Na ce, "Bappa, ka ji? Ko dai batirin rediyon malam ne?" Bai yi musu ba. Ya ce yanzu kam ta cika, amma jiya da magariba yana cewa yana Yola sai waƙa ta shigo.

Ran nan da na koma gida na karɓi rediyon Dada na zauna a tsakar gida. Matan da aka sauke mana suna ta hidimar tuwo. Aka idar da magariba, cigiya ta fara. Na Anti suka wuce lafiya a kunnena, don ita takan maimaita komai sau biyu, ko an gutsure wutsiyar ba a rasa komai. Sai muryar Bappa. Gwiwa, yaji, shanu. Ya ce, "Ina nan a..." sai ganga ta tashi. Dada ta dube ni ta ce, "Wannan bawan Allah ai bai faɗi inda yake ba." Ban iya cin tuwon nan ba. In matar tana wani wuri tana ji, kullum mijinta na gaishe ta, kullum kuma yana ɓacewa kafin ya ce mata ga inda za ta same shi.

Da safe na sami manaja. Mutumin kirki ne, amma komai a gaggauce yake son shi, ga tsoro. Ya ce, "Injiniya, ai wannan mai sauƙi ne. Ki yanke gaisuwar, ki sa Bako a farko." Gaskiya ni ma na yi wannan tunanin, aikin minti kaɗan ne. Na aika aka kira Bappa na faɗa masa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya girgiza kai.

"In ta ji na buɗe baki da zo wuri kaza, ban tambayi kwananta ba, za ta ce da bindiga a ƙeyata nake magana. Ba za ta zo ba. Ni ma da ita ce ta yi haka ba zan je ba."

Duk mun ji labaran yadda ake kiran mutane da muryar nasu a kai su inda ba a dawowa. Tsohon nan ya rasa gida da shanu, yanzu kuma mu ce ya rage gaisuwarsa don injina ba ya da lafiya? Na ce, "Bappa, bar maganarka yadda take. Injin ne zai gyara halinsa."

Matsalar ita ce da rana ba ta yi. Duk gwajin da na yi lafiya lau. Ciwon da ba ya tashi sai likita ya tafi gida, dole likita ya ƙi tafiya. Na ce wa manaja yau zan wuce magariba, ya ce in sojoji suka tsare ni kada in kira sunansa. Kowa ya watse. Ina zaune a ɗakina sai ga maigadi ya shigo da sallama, ya miƙa hannu ya kashe esi mai sanyaya ɗakin, ya juya zai fita.

Na ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Haka ake yi kullum, Hajiya. In an koma ƙaramin janareto ba ya ɗaukar esi da injin watsawa tare. Kuma ba kowa a ɗakin, wa za a sanyaya wa?"

Ya fi ni gaskiya a nasa lissafin. Dizal ya yi wuya, manaja ne ya ba da umarnin, kuma a garinmu ba a bar wa ɗaki fanka in babu mutum. Na ce ya je abinsa. Wanda ya san Yola ya san zafinta ba ya tafiya tare da rana, bango ne ke riƙe shi ya yi ta amayarwa. Kafin a idar da magariba ɗakin ya zama tanda, mayafina ya jiƙe.

A nan na zauna na rubuta ɗan ƙaramin shiri, aikinsa ɗaya, ya riƙa tambayar kowace ƙwaƙwalwar aro ta baƙuwata, ƙarfe nawa? Kwamfuta ba ta da agogo mai hannu. Kowane furosesa yana bugawa kamar zuciya, yana ƙirga bugunsa, daga wannan ƙirgen ake fitar da lokaci. In biyun suna bugawa daidai, amsarsu ɗaya. Da farko amsar ɗaya ce. Ina kallo, ina share gumi, sai suka fara rabuwa, ɗaya na gaba ɗaya na ja da baya, tazarar na ƙaruwa a hankali. Na buɗe murfin ƙarfen na kai hannu. Furosesan da ke can ciki, inda iska ba ta kaiwa, ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Irin tsofaffin nan in sun ji wuta sukan rage gudu don kada su ƙone, in sun rage gudu kuma ƙirgensu ya ragu tare da su.

Sai komai ya fito mini fili. Baƙuwata takan duba agogo lokacin da ta fara sakin murya, ta riƙa dubawa don ta san yaushe za ta saki na gaba. In ta fara a kan furosesa mai jinkiri, mai masauki ta ɗauke ta ta ɗora a kan mai sauri, sai ta ga lokaci ya yi tsalle. Ta ce ai wannan ya gama, ta sako waƙa. Wutsiyar kowane abu take ci. Wutsiyar waƙa ba mai kuka da ita, amma Bappa duk maganarsa a wutsiya take. Da asuba kuma, in za a koma babban janareto, akan kashe komai a kunna, sai agogunan su tashi tare kamar ba su taɓa saɓani ba. Shi ya sa nake zuwa da safe in same su salihai.

Na yi dariya ni kaɗai a ɗakin nan mai zafi. Wallahi na ji daɗin kaina. Ba wanda ya nuna mini, ba littafin da ya ce in duba hannun maigadi.

A gida Dada ta tare ni da faɗan dare, sannan ta tambayi abin da ke damun injin. Na nuna mata turmin da matan nan ke lugude a ciki da yamma. Na ce mata biyu ne ke daka a turmi ɗaya, ɗaya ta gaji ta rage hannu, ɗayar ba ta sani ba, taɓare na karo. Dada ta ce su a zamaninsu ɗaya ce ke waƙa, sauran su bi ta. Na ce abin da zan yi gobe ke nan. Ta taɓe baki ta ce, "Da ma sai da kika je jami'a kika san wannan?" Na ce, "Na je ne in san inda kunnen injin yake, Dada. Ke je ki yi masa waƙar mu gani." Ta jefe ni da mafici.

Gyaran iri biyu ne a haɗe. Zan ɗaure ƙwaƙwalen aron baƙuwata duka a kan furosesa ɗaya, mai samun iska, kada a ƙara yawo da ita. Sannan zan hana ta ƙirga bugu da kanta, duk lokacin da take son sanin lokaci ta tambayi mai masauki, agogo ɗaya ga kowa. Sauran baƙin su matsu a kan mai zafin, da dare ma ba mai amfani da su. Amma sai na kashe ta na taɓa can cikin saitinta, inda in hannu ya goce ba za ta ƙara tashi ba.

Nan manaja ya tsaya. Ya ce, "In ta mutu fa? Yanzu wutsiya take ci. In ta mutu duk cigiyar dare ta tafi, ta kowa da kowa." Ya kira kamfanin da ya sayar mana da ita a can kudu. Suka ce kada a taɓa, za su turo mutum in gari ya lafa. Ya ajiye waya yana kallona kamar an gama magana.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yaushe gari zai lafa? Su da ko jirgi ba sa son ya bi ta samanmu. Matar nan tsohuwa ce, ba mu san a hannun wa take ba, ba mu san ko gobe za a kwashe su a kai wani wuri ba. Ni na haɗa cikin injin nan da hannuna. In ta mutu ka kore ni, kuma kafin ka kore ni zan kwana a situdiyo ina sakin cigiyar da hannu har ka sami wani."

Anti na tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Oga, bar shi ya yi. Ni zan riƙe iska." Haka Hausarta take, kowa shi ne. Manaja ya ɗaga hannu biyu ya ce ba ruwansa, wanda a bakinsa izini ne.

Bayan azahar Anti ta shiga situdiyo ta buɗe makirfo, tana karanta cigiya kai tsaye, in ta ƙare ta koma farko. Na kwafi baƙuwata na ajiye gefe, na yi bisimilla na kashe ta. Na gyara abin da zan gyara, na duba, na sake dubawa, na kunna. Allo ya yi baƙi ya tsaya. Ta gilashi ina ganin Anti tana magana tana kallona, ta fara ba da labarin yadda ake jiƙa kanwa don cika lokaci. Manaja na bayana yana numfashi a wuyana. Na ce ya matsa ya ba ni iska. Ban taɓa komai ba, don na san tana laluben sabon agogonta ne. Can sai rubutu ya fara gudu, jerin waƙoƙi da sanarwa ya fito. Na saki ɗan shirina ya tambaye su ƙarfe nawa, suka amsa da baki ɗaya.

Amma da rana ai kullum da baki ɗaya suke amsawa. Alƙalin magariba ce. Na ce wa maigadi ya kashe esinsa kamar kullum, kada ya ji tausayina. Na bi Anti muka shiga keke zuwa Bako, don ina son in ji a inda Bappa ke ji.

Gidan malamin ƙarami ne, ga masara a bayansa, ga mangwaron a ƙofa kamar yadda aka faɗa. Matar malam ta ware wa Bappa tabarma da wurin alwala a gefen da alade ba ya zuwa, in ji ta, ko da yake aladen na maƙwabta ne. Muka yi magariba ni da shi, su suna jiranmu, sannan malam ya ajiye rediyo a kan kujera. Aka yi cigiyoyin Anti, tana zaune tana sukar muryarta. Sai Bappa ya fara. Yana zaune ya haɗa hannu a kan sanda yana sauraron kansa kamar wani ne ke magana. Kwana, gajiya, gwiwa. Yaji. Albarka ga masu masauki. Shanu. "Ina nan a Yola," in ji rediyon, "unguwar Bako, gidan malamin makaranta, akwai mangwaro a ƙofa kusa da famfo." Sai ɗan shiru, har ƙarar butarsa da ya ɗauka a situdiyo ta fito, sannan ganga.

Matar malam ta yi guɗa. Anti ta daki bayana har na ji zafi. Bappa ya dube ni ya ce, "Yau ya bar ni na gama." Na ce, "Daga yau kullum zai bari." Na faɗa da ƙarfin gwiwa, don na san abin da na yi.

Gyaran ya zauna, amma matar ba ta zo ba. Kullum da magariba muryar na fita cikakkiya, kullum da safe Anti na girgiza mini kai. Na fara tunanin ko mun makara, ko tana inda tasharmu ba ta kaiwa, ko ma ba ta duniyar. Wannan ba abin da injiniya ke gyarawa ba ne, kuma ya hana ni sukuni.

Wata ranar kasuwa ina ƙarƙashin tebur ina fama da waya sai na ji sallamarsa. Na fito da ƙura a goshi. Yana tsaye, a bayansa da ɗan nisa wata 'yar tsohuwa gajera tana ɗingisa ƙafa ɗaya. Bai ce ga ta ba, bai ko waiwaya ba. Ya ce, "Mun zo gaisuwa."

Na rungume ta ina kuka, ban damu da wanda ke kallo ba. Ashe tana tsallaken gada, a gidan wani mai shago da ke tafiya da rediyonsa kasuwa, sai dare yake dawowa da ita. Tun ranar farko ta ji muryar. Ta ce kullum tana matsawa kusa da rediyon, yana zuwa wurin sai waƙa. "Na ce oh, mutumin nan ko yaƙi bai rage masa surutu ba, ga shi har masu rediyo sun gaji da shi." Bappa ya yi kamar bai ji ba. Ranar da ta ji Bako da mangwaro ba ta yi barci ba, amma gwiwar ta kumbura, sai da ta saɓe sannan mai shagon ya sa ta a keke. Manaja ya fito yana ta murna yana cewa ai mun gyara injin. Na bar shi da mun ɗinsa, kowa a gidan ya san ko wace ce mun.

Yanzu shekaru sun ja. An canza tsohuwar kwamfutar, na yanzu bugunsu ba ya raguwa ko sun yi zafi. Ina koyar da matasa wannan aikin a Jimeta, kuma duk wanda ya zo hannuna sai ya rubuta ɗan shirin nan mai tambayar ƙarfe nawa kafin in yarda ya iya. Sukan ce Madam ta cika tsanani a kan abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Nakan ce su yi dai.

Bara Anti ta kira ni ta ce ina da baƙuwa a Bako. Tsohuwar ce, an kawo ta asibiti saboda gwiwar, ta sauka a gidan malam. Bappa ya rasu bayan sun koma garinsu, a ɗakinsa, a gabanta. Muka yi gaisuwa muka yi addu'a. Ta daɗe tana murza bakin zanenta, sannan ta tambaya ko maganar nan tana nan, ko injin ya cinye.

Ni da ba na zubar da ko guntun waya. Washegari na kawo mata a 'yar rediyo mai cin kati, na nuna mata inda za ta danna. Muka zauna ƙarƙashin mangwaron. Ya tambaye ta kwana, ta amsa a hankali. Ya tambayi gwiwa, ta ce da sauƙi. Da ya zo kan shanu sai na ga ta matso da kunnenta, ta dafe rediyon da hannu biyu, ƙirjinta ya tsaya cak.

Na ce, "Goggo, ba zai yanke ba."

Ba ta kula ni ba har sai da ya faɗi mangwaro da famfo, butar ta yi ƙara. Sannan ta saki numfashi ta ce, "Na sani, 'yata. Sake sa shi daga farko."